Husufin Juma'a a Soron Ɗinki

"Ki je ki gaya wa Maharazu yadda na gaya miki, kada ki rage ko harafi. Ko dai ya karanci likita, ko kuwa ya nemi wata ƙofar."

Alhaji Isyaku bai ko ɗago ba da ya faɗi haka. Idonsa na kan wuyan wata babbar riga da aka kawo masa ya duba aikinta, yana bin zaren da ɗan yatsa. 'Yarsa Zinariya na durƙushe a bakin ƙofar turaka, maganar ta sauka a ƙirjinta kamar taɓarya.

"Baba, ai shi ma lissafin karatu ne."

"Na ce ba karatu ba ne? Ba shi kike koya wa yara a makaranta ba? Biyu da biyu huɗu. Sai a ce ƙato ya tashi daga Kano har Ibadan, ya share shekara uku, ya dawo a tambaye ni me surukina ya karanto, in ce ƙidaya? Ƙasar nan baɗi za ta koma hannunmu. Likitoci ake nema. Gwamnati ta ce ya zaɓi abin da yake so, shi kuma ya tsallake nama ya ɗauki ƙashi."

Duk Soron Ɗinki an san Alhaji Isyaku da magana ɗaya. Da allura ya fara, yau maɗinka goma sha biyu ke zama a ƙofar gidansa, kuma ba a taɓa jin ya faɗi abu ya janye ba.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ƙara, muryarsa ta ɗan sauko. "Ban yi wa yayyenki ba, ba zan fara a kanki ba. Amma hannuna ba zai shiga abin da ban ga kansa ba. Ga ɗan'uwanki Jafaru nan, shekara biyu yana jira, da aikinsa da motarsa. Tashi ki je."

Ta tashi ta fita.

A tsakar gida Gwaggo na zaune gindin darbejiya tana kaɗi. Ita ce yayar Alhaji, ita ta haifi Jafaru, ita kuma ta goyi Zinariya tun ranar da uwarta ta rasu ta bar ta tana shekara biyu. Ba ta tambayi abin da aka ce a turaka ba. Da ka kawai ta nuna hanyar soro.

"Ga mutumin naki can ya jingine keke. Ki je ku gama, la'asar ta yi sanyi."

Maharazu ɗan Madabo ne, jikan malamai, dogo siriri mai yawan shiru. A bana, shekarar 1959, ya gama kwaleji a Zariya, sakamakonsa ya yi kyan da har aka ba shi gurbi a jami'ar Ibadan. Saura mako biyu ya hau jirgin ƙasa. Yana ganin fuskarta ya san amsar da ta ɗauko.

"Ya ƙi ko?"

Ta zauna a ƙarshen tabarma, ta ja mayafi, ta maimaita masa maganar mahaifinta ba ta rage komai ba.

Sai ya buɗe littafin da ke hannunsa, ya zaro wata doguwar takarda ya miƙa mata.

"Ga abin da ake ta rigima a kansa. Duba ki gani."

Ta karɓa da hannu biyu. Sunayen fannoni ne a jere, daga sama har ƙasa. Ilimin tsirrai. Ilimin dabbobi. Ilimin haɗa sinadarai. Tarihi. Labarin ƙasa. Aikin gona. Harsunan mutanen da suka shuɗe tun kafin a gina ganuwar Kano. Ita da ake kira Malama, take ganin ta yi karatu, sai ta ji kamar wadda ta girma a ɗaki ɗaya, yau aka buɗe mata ƙofa ta ga ashe gidan ɗaki ɗari gare shi.

"Duk wannan a wuri ɗaya ake koyar da shi?" ta tambaya a hankali.

"Duka. Kowanne da malamansa, wani ma har ya tsufa ya mutu bai ƙure nasa ba." Ya nuna mata layi biyu da aka bari fari a ƙasa. "Nan zan rubuta babban fanni, wanda zan ba rayuwata. Nan kuma ƙarami, wanda zai tallafa masa. Kamar riga da 'yar ciki. Ni Lissafi nake so a sama, a ƙasa kuma Fiziks, ilimin haske da zafi da motsin abubuwa."

Nan take wata dabara ta faɗo mata, har ta gyara zama.

"To ka sa likita a sama mana, ka sa lissafin a ƙasa. Baba ya samu nasa, kai ma ka samu naka."

Ya yi murmushi mai ciwo.

"Na so haka, Zinariya. Shi likitanci riga ne da wando da hula, ba ya barin wuri ga kowa. In ka shiga, ka shiga ke nan, shekara shida ko bakwai."

"To mene ne aibinsa? Taimakon bayin Allah ne fa."

"Ba shi da aibi. Ni ne ban dace da shi ba. Hutun bara wata guda na yi ina bin wani likita a asibiti. Wallahi duk lokacin da aka kawo mai ciwo, hannuna rawa yake yi, shi kuwa likitan sai ka ga fuskarsa ta washe kamar an kira shi ga abin da aka halicce shi dominsa. Ni ba na jin haka sai ina gaban allo. Tun ina ƙarami kakana ke zana mini hisabi a ƙasa da tsinke. Kuma kin sani, duk wanda ya koya mana lissafi a kwaleji daga ƙetare ya zo. Ko ɗaya babu namu. In sun tafi fa?"

Ya karɓi takardar, ya zaro alƙalami daga aljihun gaba, ya cire marfin.

"Amma na yi tunani. Fanni ana canzawa a rayu. Ke ce ba ni da madadinki. Zan rubuta likita."

"Kada ka rubuta!"

Ba ta san lokacin da muryarta ta fita haka ba. Hawaye suka ɓalle mata.

"Ka rubuta, ka je ka yi shekara bakwai kana abin da ranka ba ya so, ka dawo kullum in ka kalle ni ka tuna ni ce sila? Malam, gara in rasa ka kana ganin girmana, da in same ka kana danne baƙin ciki saboda ni."

"To ya kike so in yi? In bar ki ga Jafaru?"

"Ban ce ba."

"In saɓa wa mahaifinki?"

"Ban ce ba!"

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka mara sauti. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Garin ya mayar da takardar cikin littafi sai wasu fallaye suka zubo a tabarma, cike da lambobi da zanen da'ira. Ta tattara masa, tana share ido da gefen mayafi. Sai ta ga an rubuta KANO da manyan baƙaƙe a saman ɗaya, an ja layi biyu.

"Wannan fa?"

"Wani ɗan aiki ne da na yi don kaina. Juma'a ta sama, ƙarshen watan nan na Mauludi, rana za ta yi husufi. Wata zai shiga tsakaninmu da ita. A nan Kano zai fara cinta da sha biyu da rabi, wajen ƙarfe biyu kuma ba abin da zai rage sai ɗan siriri kamar jinjirin wata."

Ta ɗago ta dube shi.

"A'uzubillahi. Malam, wannan ba shiga gaibu ba ne?"

"Ko kaɗan. Ai a zaure aka karantar da mu cewa rana da wata da lissafi suke tafiya. Wanda ya ɗora su a hanyar ba ya saɓa alkawari, shi ya sa ake iya ƙirgawa. Mu dai bin sawu kawai muke yi."

Ta ƙura wa fallayen ido. Ga su dai lambobi irin waɗanda take rubuta wa 'yan aji uku da alli, amma wai a cikinsu akwai ranar da ke saman kowa.

"Ara mini su," ta ce. "Kuma ka yi mini alkawari ɗaya. Kada ka rubuta komai a layin nan sai Juma'ar ta wuce."

Kwana uku, in ta taso daga makaranta, sai ta shige ɗaki da fallayen. Rabin abin da ke ciki ya fi ƙarfinta. Amma duk inda aka tara ko aka ninka ko aka raba, ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami inda ya kauce ba. A rana ta huɗu, bayan mahaifinta ya karya kumallo, ta sake durƙusawa a ƙofar turaka, ta gaya masa.

Alhaji ya ajiye kofin shayi.

"Shi ya aiko ki da wannan?"

"Bai ma san na zo ba, Baba."

"Yanzu abin har ya kai yaron nan ya ce ya san abin da rana za ta yi jibi? Ɗan gidan malamai?"

"Baba, kai ka ce ba ka ga amfanin lissafi ba. Ni dai roƙona, in abin ya faru, ka kira shi ka saurare shi. Sauraro kawai."

"In bai faru ba fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"In bai faru ba, ni da bakina zan ce masa kada ya ƙara zuwa."

"Gwaggonki ce shaida," in ji Alhaji, don ya hango ta tsaye da buta a hannu. "Yaya, kin ji dai."

"Na ji," Gwaggo ta ce. Da Zinariya ta zo wucewa sai Gwaggo ta kama hannunta. "'Yar nan, me ɗana ya yi miki? Tare kuka ci tuwo a akushi ɗaya. Shi ya riƙa goya ki in na gaji. Yanzu sai ki ɗora aurenki a kan rana, abin da ba mai iko da shi sai Allah?"

"Gwaggo, Yaya Jafaru yayana ne. Ban taɓa iya kallonsa da wani ido ba."

Gwaggo ta saki hannun, ta wuce da butarta.

Da maganar ta kai kunnen Jafaru, dariya ya yi har da buga sitiyari. Ya ce bokon wasu ya zama bokanci.

Juma'a ta wayi gari da gajimare, irin na ƙarshen damina, farare manya suna tafe daga gabas. Zinariya ta kasa cin komai. Maharazu ya gargaɗe ta kada kowa ya kalli rana da ido, ya ce ta ɗaga rariya a rana ta dubi hasken da ke faɗowa ƙasa ta hudojin. Tun sha biyu take tsaye a tsakar gida da rariya a hannu, kamar mai shirin tankaɗe ba gari.

Da sha biyu da rabi ta kusa, gajimaren ya yaye. Alhaji ya fito cikin shigar masallaci, farar riga da rawani, yana ƙamshin turare. Ya zaro agogon aljihu ya tsaya a kanta.

"To, ga lokacinku ya yi."

Ta ɗaga rariyar. Ɗigo-ɗigon haske suka zuba a ƙasa, kowanne kewayayye sumul, ba abin da ya taɓa shi.

Minti ɗaya. Minti uku. Minti biyar.

Rana na nan fes, tana dukan ƙeya kamar kullum. Daga waje aka ji ƙahon motar Jafaru, ya zo ɗaukar kawunsa.

Alhaji ya mayar da agogon aljihu. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Kin dai ji abin da kika faɗa da bakinki," ya ce, ya fita.

Ta durƙushe a wurin. Kukan ma ya ƙi zuwa. Rariyar na hannunta har yanzu, ta tokare ta da gwiwa, tana kallon ƙasa ba don tana neman komai ba. Ta shiga tsara kalmomin da za ta gaya wa Maharazu, kowace ta ɗauko sai ta ji ta fi ƙarfin harshenta.

Can sai ta ga kamar ɗigon da ke kusa da yatsan ƙafarta ya ɗan ɓantare a gefe, kamar ƙosai da aka gatsa. Ta murza ido. Ta dubi na kusa da shi. Shi ma haka. Duka haka, ɗari da wani abu, kowanne an gatse shi a gefe ɗaya.

Ta ruga ɗaki ta dubi agogon tebur. Sha biyu da minti arba'in da ɗaya.

"Gwaggo! Gwaggo, zo ki gani!"

Gwaggo ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce rariyar ce ta lanƙwashe. Amma ba ta koma ɗaki ba.

Abin ya riƙa tafiya a hankali, kamar ana jan zare. Wajen ɗaya da rabi hasken gari ya sauya. Ba irin na hadari ba ne, ba kuma na magariba ba. Wani haske ne fari-fari mara jini, kamar an tace rana ta cikin baƙin mayafi. Zafin da ke dukan ƙeya ya janye. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida, ganyen darbejiya ya motsa.

Matan gidan suka firfito ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana da ƙarfi. Kaji suka daina tono, suka jeru suka nufi akurki da rana tsaka. Tattabarun maƙwabta suka dawo soro suka lafe. Daga nesa, ta wajen Madabo, aka fara jin kabbara tana tashi tana sauka.

"La'ilaha illallahu," in ji wata daga cikin matan. "Ku dubi gindin bishiya!"

Zinariya ta juya. Duk inda haske ya ratso ta tsakanin ganye ya faɗo ƙasa, ya zama jinjirin wata. Dubbai. A kan daɓe, a jikin bango, a kan turmi, a kan tabarmar kaɗin Gwaggo, har a bayan hannunta ita kanta. In iska ta kaɗa sai su yi ta rawa gaba ɗaya, kamar an zazzage taskar sama a tsakar gidan Alhaji Isyaku.

Ta zauna daɓas. Yanzu kam hawayen suka zo, amma ba na Maharazu ba ne, ba na aure ba ne. A wannan lokacin ta manta da alkawari, ta manta da Jafaru. Abin da ya cika mata zuciya shi ne girman Wanda ya rataye waɗannan manyan halittu ba igiya, yake tafiyar da su ba sa karo, ba sa makara, har ya bar wa ɗan Adam, mai kwana da yunwa da mantuwa, ikon ya zauna da fensir ya bi sawunsu.

Ta ji an rungumo ta ta baya. Gwaggo ce, da carbi a hannunta.

"'Yar nan, tashin duniya ne? Gaya mini gaskiya."

"A'a, Gwaggo. Za ta dawo. Maharazu ya ce daga ƙarfe biyu za ta fara buɗewa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Gwaggo ta cusa fuska a kafaɗarta kamar ƙaramar yarinya, tana ta istigfari. Haka suka zauna, har siririn hasken ya fara kauri, har zakara ya yi cara a akurki kamar asuba ta yi.

Sai bayan la'asar Alhaji ya dawo, don an tsaya sallar husufi. Bai shiga cikin gida ba. A soro ya zauna, kuma tun a harabar masallaci ya sa Maharazu ya biyo shi. Jafaru ma na nan. Zinariya ta laɓe a bayan ƙyauren da ya raba soro da cikin gida.

Jafaru ne ya fara magana.

"Kawu, kada a ruɗe ka. Wannan ba wani abin mamaki ba ne. Tun ranar Laraba takarda ta zo ofishinmu cewa za a yi husufi. Turawa ne suka lissafa, shi kwafa kawai ya yi."

"Tun Laraba?" in ji Alhaji.

"Tun Laraba, wallahi."

"To jiya da ka zo nan kana dariya, kana cewa bokanci ne, takardar ba ta iso ba ke nan?"

Zinariya ta ji Jafaru na gyaran murya.

Alhaji ya juya.

"Kai kuma, Maharazu. Gaskiya ya faɗa? Kwafa ka yi?"

"Rabin maganarsa gaskiya ce, Baba. Ranar kam a littafin masana taurari na gan ta a kwaleji, ban isa in gano ta da kaina ba tukuna. Amma ba su rubuta Kano ba. Lokacin da zai fara a garin nan, da iyakar abin da zai ci, wannan ni na zauna na fitar."

"Ka ce sha biyu da rabi. Na tsaya da agogona, ban ga komai ba."

"Na yi kuskure, Baba. Da minti goma sha ɗaya."

"A ina kuskuren yake?"

"Ban sani ba. Tun ɗazu nake nema a kaina, ban gano ba. Abin da nake so in je in koya ke nan."

Da Alhaji ya buɗe baki, muryar ba irin wadda Zinariya ta saba ji ba ce.

"Shekara arba'in ina awo. In na auna mutum na kuskure da faɗin yatsa, ba na barci. Yau ina cikin sahu, na ga manyan mutane, masu rawani, masu dukiya, suna kuka kamar yara. Ni ma na yi. Na ɗaga hannu ina roƙon gafara, sai na tuna wai akwai yaro a Madabo da ya auna wannan abin tun kwana goma, da fensir, ya kuskure da abin da bai kai a sha shayi ba." Ya ja numfashi. "Ni na ɗauka ƙidaya ce. Ina takardar taka?"

Aka ji motsin takarda.

"Rubuta a gabana. Me ka ce a sama?"

"Lissafi, Baba."

"A ƙasa fa?"

"Fiziks."

"Ko me ne ne shi, rubuta."

Zinariya ta toshe baki da hannu. Tana jin ƙarar alƙalami a kan takarda, kowane harafi kamar a fatar zuciyarta ake jan sa.

"Saura magana ɗaya," in ji Alhaji. "Zinariya ba za ta zauna shekara uku a gidana tana jiran wani ba."

Ta ƙara manna kunne a ƙyaure.

"Ka gaya wa manyanka su zo su same ni kafin ranar jirginka. A ɗaura, in ya so ta ci gaba da koyarwarta, kai ka je ka nemo minti goma sha ɗayanka. Jafaru, kai ɗana ne, ka yi haƙuri. Wannan ba rabonka ba ce."

Ba ta ji amsar kowa ba. Ta dai ji fitar Jafaru, da ƙarar ƙofar mota. Ta jingina goshi da ƙyaure tana hamdala, dariya da kuka sun haɗe mata wuri ɗaya. Ta juyo da gudu don ta kai wa Gwaggo labari, don duk wani farin ciki da ta taɓa yi a duniya Gwaggo ce farkon ji.

Ashe Gwaggo na tsaye a bayanta. Ta ji komai.

Ta yafa babban mayafinta na unguwa, ga ƙunshin kaya a hammata. Fuskarta ba fushi, abin da ya fi tsorata Zinariya ke nan.

"Gwaggo, ina za ki?"

"Dukawuya, wajen Jafaru. Ɗana zai koma gida yau ba mai ce masa sannu."

"To ki dawo gobe, don Allah. Wa zai zauna mini? Wa zai sa ni a lalle?"

Gwaggo ta ɗaga hannu ta gyara mata ɗankwalin da ya zame, a hankali, yadda ta saba yi mata tun tana tatata.

"Shekara goma sha bakwai ina goyonki, ina cewa a raina ba za ki taɓa barin ɗakina ba. Yaron nan mutumin kirki ne, na gani da idona yau. Allah ya sanya alheri. Amma lallenki, 'yar nan, ki nemi wadda za ta sa miki. Hannuna ba zai iya ba."

Ta tura ƙyauren, ta ratsa soro ta gaban ƙaninta da Maharazu ba ta kalli kowa ba.

"Yaya!" Alhaji ya miƙe tsaye. "Yaya, tsaya mana!"

Zinariya ta biyo ta da gudu ba ko takalmi balle mayafi, har bakin ƙofar gida, inda ba ta taɓa fita ba mayafi ba. Lungu cike yake da mutane, kowa na ba wani labarin abin da ya gani a sama. Ta kira sunan da ta fara koya a duniya, ta sake kira. Gwaggo ta ɗan tsaya a kan kwana, kafaɗunta na rawa, ta gyara ƙunshinta, ta sha kwanar ba ta waiwayo ba.